Gonar Mama a Kan Katako

Tobias bai yi nisa a makaranta ba, amma hannunsa ya san aiki. Duk Disamba shi ke gina ƙaramin garin Baitalami a cocinsu da ke Majidaɗi: tuddai na takarda, tumaki na auduga, ɗakin dabbobi na kara. Yayansa Barnabas ne ya nuna hoton wannan aikin ga wani injiniya mai suna Jabir, sai aka kira Tobias ofis.

Kamfanin su Jabir zai gina rukunin gidaje a bayan gari, ta wajen Kona. Sun yi odar 'yan ƙananan gidaje na roba daga Legas, kowanne bai fi kwalin ashana ba, don masu saye su zo ofis su ga yadda unguwar za ta kasance. Abin da ya rage shi ne ƙasan da za a ɗora gidajen a kai. Jabir ya ce yana son tudu ya zama tudu, rafi ya zama rafi, wanda ya san wurin in ya kalla ya ce lallai nan ne.

Tobias ya san wurin. Gonarsu ce.

Barnabas ya sayar da ita bara, lokacin da mahaifiyarsu, Mama Dinatu, take kwance a asibiti da karaya a ƙugu. Shi ne babba, kuma tun rasuwar mahaifinsu, Baba Nathaniel, komai yana hannunsa. Wani abu daga kuɗin ya tafi asibiti, sauran ya zama mota. Mama kuwa an ce mata an bar gonar ta huta har ta warke.

"Ka rufe bakinka," Barnabas ya ce masa a hanyarsu ta dawowa. "Ka san hawan jininta. In ta ji ta faɗi, a kanka yake."

Tobias ba shi da shago, don haka a tsakar gida ya shimfiɗa faifan katakon, ƙarƙashin rumfar kwano. Ya ce a ransa ai Mama ba za ta gane ba, ƙasa ƙasa ce. Ya hau keke ya je filin, ya tarar an riga an kafa duwatsun siminti masu lamba. Ya ɗebo jar ƙasa a buhu, ya ɗebo yashi a bakin rafi, ya dawo bai tsaya kallon komai ba.

Washegari da safe ya ɗauko babban kaskon Mama, ya hura wuta, ya tankaɗe ƙasar da rariya, ya zuba ya fara juyawa. Mama tana zaune a kujerarta, sandarta jingine da gwiwa.

"Tobi, yunwar ta kai haka ne? Ƙasa za mu ci yau?"

"A'a, Mama. Akwai irin ciyawa a ciki, da ƙwan ƙwari. In na kwaɓa da gam da ruwa sai su tsiro su fasa mini aiki. Amma in an soya, shi ke nan, ba abin da zai sake fitowa."

"Ƙasar da ba ta tsiro da komai, mene ne amfaninta?"

"Ta kallo ce."

Ta yi tsaki tana dariya. Can sai ƙanshin ya iso gare ta, dariyar ta tsaya. Ta miƙo hannu. "Ba ni ɗanyar, wadda ba ka soya ba."

Ya zuba mata a tafin hannu. Ta murza, ta shinshina, ta ɗan taɓa da harshe.

"Wannan ta gindin ɗorawa ce."

Tobias ya ci gaba da juya kasko.

"Ka je gona ba ka gaya mini ba? Yaya take? Ciyawa ta cinye ta ko?"

"Tana nan, Mama."

Ta dubi faifan katakon, ta dubi buhun, ta dube shi. Fuskarta ta buɗe irin yadda bai gani ba tun kafin asibiti. "Gonar za ka yi mini a nan? Don na kasa zuwa?"

A nan ya kamata ya yi magana. Maganar tana bakinsa, ya ji nauyinta a kan harshe. Sai ya tuna hawan jini, ya tuna fuskar Barnabas, ya sunkuya ya ƙara itace a wuta. Mama ta ɗauki shirun a matsayin amsa.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan Nathaniel," ta ce.

Daga ranar aikin ya zama na mutum biyu. Ya yanka farin kwalin nan mara nauyi da ke zuwa da sabon firji, ya jera ya yi tudu, ya lulluɓe da tsofaffin jaridu da sitacin rogo. Mama ta sa aka jawo kujerarta kusa, tana nuni da bakin sanda.

"Ka yi shi tsaye kamar goshin yayanka. Tudun nan kwance yake, mace mai ciki tana hawa da tulu."

Ya rage tudun. Ya shafa gam, ya barbaɗa soyayyiyar ƙasa, ya bari ta sha iska, ya kife faifan ya kakkaɓe abin da bai kama ba. Rafin kuwa da gilashin taga ya yi shi, ya shafa fenti ta ƙasa, ya zuba yashi a gefe da gefe. Ya bi taswirar injiniya daidai, amma Mama ta ce rafin ya miƙe da yawa.

"Yana lanƙwasa a nan, bayan dutsen. A nan ka faɗa ruwa kana rarrafe, Babanka ya ciro ka da ƙafa ɗaya kamar kwaɗo."

Ta sa ya nemo ƙaramin dutse mai ɗan rami a ka, don na gonar ma yana da rami, inda Baba ke wasa fartanya. Ɗorawar ta fi komai ba shi wahala. Ya murɗa wayar wuta ya yi gindi da rassa, ya yayyaga soson tsohuwar katifa ya rina ya yi ganye. Mama ta ƙi ta farko, ta ƙi ta biyu. Ta ce ɗorawarsu ta karkata gabas tun shekarar da tsawa ta tsaga ta, kuma reshen da ake rataye gora ya fi haka ƙasa. Da ya kawo wadda ta yarda da ita, sai ta goge ido da bakin zani.

Kunyoyi ba sa cikin abin da Jabir ya nema. Mama ce ta ce gona ba kunya ai fili ne kawai. Tobias ya ɗauki tsohon mataji, ya ja haƙoransa a kan ƙasar tun gam bai bushe ba, a gicciye da gangare yadda ruwa ba zai wanke ba. Ya rina garin katako kore ya yayyafa a kai kaɗan-kaɗan.

"Watan Yuli ke nan," in ji Mama. "Gyaɗa ta rufe ƙasa."

Ta fara cin abinci sosai. Ta fara zagaya tsakar gida da sanda ba tare da an roƙe ta ba. Maƙwabta in sun leƙo sai ta kira su ta nuna musu iyakar gonarta. Sannan ta sa Tobias ya sauko mata da buhun iri daga saman silin. Gyaɗa ce 'yar ƙarama, ja, wadda ta gada daga uwar mijinta. Bara da take kwance, sai da ta aika wa wata ƙawarta ta zumuntar mata da kwano guda ta shuka mata, don kada irin ya tsufa ya mutu a buhu.

"Bana da ni za a yi," ta ce. "Ko a keke za ku kai ni ku ajiye a gindin ɗorawa. Baki ai bai karye ba."

Tobias ya fita bayan gida ya kira Barnabas.

"Yaya, Mama ta gane ƙasar. Tana cewa za ta yi shuka."

"To sai me? Ka ce mata hanya ta lalace. In damina ta yi nisa ai ta haƙura."

"Badi fa?"

"Kai matsalarka ke nan, tunani kamar tsohuwa. Ka gama musu aiki, Jabir yana damuna."

Aikin ya yi kyau, kuma wannan ne ya fi ci wa Tobias rai. Bai taɓa yin abu mai kyau kamarsa ba. Wani lokaci yana tsaye yana kallo sai ya manta don wa ya yi, ya ji daɗi, sannan ya tuna.

Ya roƙi a bari sai an kai faifan ofis kafin a ɗora gidajen. Barnabas ya ce ofis ba wurin ƙura da gam ba ne, an sa tayil sabo. Suka tsayar da ranar Alhamis da yamma, lokacin da Mama ke zuwa zumuntar mata tun da ta fara samun ƙafa.

Ranar Alhamis hadari ya haɗu ta gabas, na farko a shekarar. Tobias ya dawo daga sayen gam ya ga ƙofar Mama a rufe, ya ɗauka ta tafi. Barnabas ya iso da kwali a hammata, ya buɗe a kan benci. Gidajen suna kwance cikin auduga, farare da jan rufi, duk iri ɗaya. Akwai 'yan motoci, akwai ƙofar shiga mai ginshiƙi biyu.

Barnabas ya zagaya faifan yana gyaɗa kai. "Kai, ka iya. Amma wannan layi-layin mene ne?"

"Kunyoyi."

"Wa zai sayi gida a kan kunya? Kankare su. Gidan ba zai ma zauna daidai ba."

Gaskiya ne, ba zai zauna ba. Tobias ya ɗauki reza ya fara kankarewa. Ƙasar ta bushe ta yi tauri, tana fita da ƙara kamar ana goge ƙasan tukunya. Ya share layi ɗaya, ya ɗiga gam, ya zaunar da gida. Ya share na biyu. Barnabas yana riƙe da taswira yana nuna masa.

"Wannan itacen ma cire shi. Nan ne ƙofar shiga."

"Yaya, a bar ɗorawar. Ko a gefe."

"Ta gasken ma an sare ta wancan makon. Cire."

Tobias ya kama gindin ɗorawar da yatsu biyu. Da ma ya kafa ta da kyau, sai da ya murɗa kafin ta fito, ta taho da ɓallin ƙasa. Yana riƙe da ita ya ji ƙarar sanda a kan siminti.

Mama ba ta je zumunta ba. Da ta ga hadari sai ta zauna a ɗaki tana ɓare iri. Ga ta tsaye a bakin ƙofa, sanda a hannu ɗaya, faranti cike da jar gyaɗa a ɗayan. Tobias bai san tun yaushe take tsaye ba.

Ta tako a hankali har gaban faifan. Ta dubi gidajen da suka hau rabin gonar, ta dubi ramin da ɗorawa ta bari.

"Mama, bari in yi miki bayani," in ji Barnabas. "Lokacin da kike asibiti..."

"Kuɗin motar ke nan?" in ji Mama.

"Ba mota kaɗai ba, Mama. Aikin da aka yi miki..."

Ba ta saurare shi ba. Tobias ya jira ta faɗi, ya ma matso don ya tare ta. Ba ta faɗi ba. Ta juyo gare shi, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Barnabas na san shi tun yana ciki. Amma kai, Tobi. Kana zaune nan, ina nuna maka inda Babanka ke wasa fartanya, kana cewa to, Mama."

"Na ji tsoron jininki."

"Jinina." Ta gyaɗa kai. "Ka gama musu. Ka fara, ka gama."

Ta koma gefen murhu ta zauna. Barnabas ya tsaya yana sosa ƙeya, sannan ya ce a yi sauri kafin ruwa ya sauko. Tobias ya manna sauran gidajen. Suka lulluɓe faifan da leda, suka ɗauka su biyu suka ɗaure a saman motar. Barnabas ya leƙo ya ce, "Mama, zan dawo mu yi magana."

Da Tobias ya dawo ciki ya tarar ta hura wuta. Ta ɗora kaskon nan, ta juye ragowar yashin rafi a ciki, tana jira ya yi zafi. Farantin gyaɗa yana gefenta, buhun ma ta jawo shi.

"Mama, iri ne."

Ta juye farantin a cikin yashin, ta ɗauki ludayi ta fara juyawa.

"Mama, a bari. Zan nemo miki wani wuri. Ko aro ne, ko bayan coci."

"Kai ka ce in an soya ba abin da zai sake fitowa, ko ba haka ba?"

Ya tsuguna a gefenta. Gyaɗar ta fara ƙara tana tsagewa, ƙanshi ya cika gidan har yaran maƙwabta suka fara leƙe ta katanga. Ta kwashe, ta tankaɗe da rariyar da ya yi aiki da ita, ta ɓare wata ta zuba. Iska ta taso tana kaɗa kwanon rumfa. Ba ta ɗaga kai ta dubi hadarin ba. Ta ci gaba har buhun ya kwanta.

Sannan ta ɗebo da hannunta, ta kamo nasa ta buɗe, ta zuba masa.

"Ci. Da zafi ta fi daɗi."

Ɗorawar waya tana aljihunsa tana sukar cinyarsa. Ya kai gyaɗar baki. Akwai yashi a ciki, ya tauna har da shi.