Shirun da Auta Ta Yanke

Bango ɗaya ne ya raba ɗakina da na Mai-Rediyo da matarsa, bangon kuma da kaɗan ya fi kwali kauri. To laifin wa ne idan na ji? Shekara da shekaru ina jin su. Shi ya ɗauko magana, kafin ya kai rabi ta tare shi ta gyara masa ita. In ya ce ranar Talata abin ya faru, ta ce Laraba. In ya ce mutumin dogo ne, ta ce a kan dakali yake tsaye. Shi kuma ba ya musu, sai ya ce, "To, na ji." Shi ya sa mata suna Alƙaliya, sunan ya bi ta har muka manta na gaskiyar.

Shagonsa yana ƙasan benenmu, ƙarƙashin matakala, ɗan wuri mai warin dalma. Rediyoyi ne jibge har rufi, wasu ma masu su sun rasu ba su zo karɓa ba. Alƙaliya tana da kujerarta ta roba a bakin ƙofa, ƙafar kujerar ɗaya ɗaure da wayar wuta. Nan take wuni tana saƙa, tana yanke hukunci a kan aikin mijinta da takalman masu wucewa.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita. Allah ya tashi kafaɗunta, amma hannun dama ya ƙi, baki ya ɗan karkace, magana ta yi nauyi. Likita ya gaya musu a fili cewa maganar za ta dawo idan tana yin ta, idan kuwa ta bari, harshen zai daɗa mutuwa ne. Ta gwada sau ɗaya a gaban 'yan dubiya, kalmar ta fito a murɗe, wata mai shegen tausayi ta ce mata kada ta wahalar da kanta. Daga ranar Alƙaliya ta kulle bakinta. Ko mijinta sai dai ta gyaɗa masa kai. Matar da ba ta taɓa barin kowa ya kai ƙarshen zance ba, ga ta kwance tana kallon fanka.

Autarsu, wadda ke aiki a kantin magani, ita ta kawo dabarar waya. Ta ɗaure wata tsohuwar waya da roba a jikin sandar matacciyar fanka, ta saita ta kan teburin shagon, ta buɗe wa uban tasha a intanet. Ba don duniya ta yi ba. So take uwar ta riƙa ganin shagon daga kan gado, tunda matakala ta fi ƙarfinta.

Shi kuwa Mai-Rediyo yadda ya saba aiki haka ya ci gaba. Ya kwance rediyo, ya leƙa, ya ce, "Wannan batir ne ya zuba a cikinta." Sai ya yi shiru. Hannunsa ya tsaya cak da sukundireba a sama, ya karkata kai wajen ƙofa. Sai ka ɗauka wayarka ce ta maƙale. Can sai ya ce, "To, na ji," ya ci gaba. Haka bidiyon yake tun daga farko har ƙarshe, magana kaɗan, shiru mai yawa.

Wata rana bayan azahar ina kishingiɗe na ji murya ta bango. Ta farko tasa ce daga waya, wannan na sani. Ta biyun ce ta tashe ni zaune. Na ɗauko kofin silba na kifa a bango, na manna kunne. Ita ce. A hankali, kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi: "Ba... batir ba. Waya ce... ta tsinke." Sai shi daga cikin bidiyon ya ce, "To, na ji."

Ashe idan kowa ya fita, ita da wayar suke hirarsu. A cikin shirun nan nasa take samun wurin ajiye kalmarta.

Ku da kuka san ni, ku auna wahalar da na sha. Labari irin wannan a bakina, ga mai kifi tana wucewa kullum, ga matar mai shagon ɗinki da muke musayar kaya. Amma na san Alƙaliya. Ranar da ta ji an ce an ji ta, ranar za ta sake kulle bakin ta jefar da makullin. Na danne. Har ƙaiƙayi harshena ya riƙa yi.

Ana haka mutane suka fara kallon tashar. Daga ina suka fito, oho. Auta ta zo tana nuna mini lambar mabiya tana ta hawa, idonta na ƙyalli. Ban ga laifinta ba, yarinyar ta daɗe ba ta ga abin murna a gidan nan ba. Ni ma na sa hannu: duk wanda ya kawo mini gaisuwa sai na karɓe wayarsa, ba na mayarwa sai ya danna inda Auta ta koya mini. Har mai karanta mitar wuta bai tsira ba.

Sai Auta ta shiga sauraron masu koyar da yadda ake tara 'yan kallo. Suka ce mata ɗan yau ba shi da haƙuri, da ya ji shiru zai shafa yatsa ya wuce. Ta zauna ta bi bidiyon uban tana yanke duk inda ya tsaya, ta haɗe maganar ta zama sul, ta sa ɗan kiɗa a ƙasa, ta rubuta take da jan rubutu manya-manya. Kuma gaskiyarsu, abin ya yi aiki. Mabiya suka ninka. Wani ya taso daga wata unguwa mai nisa da rediyon kakansa a jaka, wai shi sai "Baban bidiyo" ne zai taɓa masa ita. Mai-Rediyo ya kalli sabon bidiyon ya ce shi bai san yana da saurin baki haka ba.

Ni kuwa na kifa kofina. Na ji ta ta ɗauko kalma, "Ba..." kafin ta kai ga ta biyu, shi ya wuce, yana can yana ɗaure murfi. Ta sake gwadawa, kiɗa ya hau kanta. Washegari sau ɗaya ta gwada. Daga nan bango ya mutu. Da na shiga gaishe ta na ga wayar a kife ƙarƙashin matashin kai, ita kuma ta koma kallon fanka.

Nan na ga riƙon sirrin ya isa haka. Na tare Auta a matakala tana dawowa daga aiki, na kama gefen jakarta na zayyane mata komai, har da kofin.

Ba ta yarda ba da farko. Ta ce kullum da yamma tana zama gaban uwar tana roƙon ko kalma ɗaya, ba ta samu ba, sai a ce waya ce ta samu? Na ga abin ya sosa mata rai. Na ce mata waya ba ta da ido, ba ta kallon bakin mutum, ba ta cewa sannu.

"Gwaggo, in na bar shirun nan mutane guduwa za su yi," in ji ta. "Baba ya fara jin daɗinsu. Jiya har tambayata ya yi me suka rubuta."

Na ce, "Bidiyon gobe kawai ki sa shi yadda ya fito, kada ki sa masa almakashi. Ki zo ɗakina bayan azahar, ina da kofi biyu."

Ta nemi izini a wurin aiki ta zo. Ta kunna wa uwar bidiyon, ta jingina wayar da kwalbar magani, ta yi sallama kamar mai komawa kanti, ta lallaɓo ɗakina ba takalmi. Muka manna kunnuwa. Shirun farko ya wuce ba komai. Na biyu ma haka. Auta ta kalle ni, ni kuma na fara tunanin inda zan sa fuskata. A na uku ne muka ji gyaran murya, sannan: "Ka... cika... dalma."

"To, na ji," in ji bidiyon.

Kofin ya kusa suɓuce wa Auta. Ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ta fice, na ji ta tana sauka matakala. Ta dawo riƙe da hannun uban, shi yana ta tambayar lafiya, tabarau a goshi, shago a buɗe. Ta tsayar da shi a bakin ƙofar ɗakinsu, ta sa yatsa a leɓe. Ni ina bayansu, ai ba a barin ni a baya.

A cikin bidiyon yana ta lalube kan tebur yana cewa ina kuma ya ajiye tabaransa. Ya yi shirunsa. Daga kan gado muka ji: "Yana... goshinka... malam."

Dattijon nan ya kai hannu goshi ya taɓa. Kafin Auta ta hana shi, bakinsa ya riga shi. "To, na ji, Alƙaliya."

Ɗakin ya yi tsit, sai bidiyon da ke ta surutunsa. Na ce shi ke nan mun ɓata. Auta ta yunƙura za ta shiga, ya riƙe mata hannu. Ya karkata kai wajen labule ya tsaya, irin tsayuwar da yake yi a shago. Muka jira har ƙafata ta fara sanyi.

"Shigo mana," ta ce. "Ka tsaya... kamar baƙo."

Ya shiga. Mu muka koma ɗakina, Auta ta sha kukanta a kan gadona ta jiƙa mini matashi.

Daga baya Auta ta tambaye shi dalilin da yake tsayawa a tsakiyar magana. Ya ce shi bai san yana tsayawa ba. Tun ranar ba ta sake yanke masa ko numfashi a bidiyo ba. Wasu mabiyan sun gudu kamar yadda ta faɗa, ta kuma ji zafin abin, na gani a fuskarta. Waɗanda suka zauna suna rubuto abubuwa. Wani ya ce shi ma yakan ba Baba amsa a wurin shirun, har matarsa ta fara yi masa kallon mai taɓin hankali.

Maganar Alƙaliya ba ta gama dawowa ba, amma ta isa yanke hukunci. Shekaranjiya ina zaune, kofi a bango, ina bin wata muhawara da suke yi kan ko wane ne ya ɓatar da murfin tukunya, sai na ji an ƙwanƙwasa daidai saitin kunnena.

"Maƙwabciya," in ji ta. "Ajiye... kofin nan. Ki zagayo."