Hannun Rigar Malam Ɗanliti

Malam Ɗanliti ya naɗe hannun rigarsa har kafaɗa, ya miƙa wa ma'aikaciyar jinya damtsensa.

"Ɗebi, 'yata. Ko duka ne ki ɗebe."

Ta ɗaura masa abin awo, ta duba, ta girgiza kai. "Baba, jininka ya hau sosai. In na taɓa ka, gado biyu za mu nema. Ramla ta zubar da jini da yawa, wanda muke da shi ya ƙare. Ka samo mana matasa, maza."

Ramla autarsa ce. Da safen nan ta haihu, mijinta direba yana can hanyar Legas. Malam Ɗanliti ya shiga ɗakin ya same ta leɓɓanta sun yi fari fat. Ya kama wuyan hannunta, yadda yake yi tana ƙarama in zazzaɓi ya kwantar da ita. Jijiyar tana bugawa da sauri-sauri, amma ba ƙarfi, sai ya danna yatsa kafin ya ji ta. Tsoro ya kama shi.

"Baba, kar ka daɗe."

"Yanzun nan, Auta."

*

A Ƙofar Guga, majalisar samari ta cika gindin itacen bedi, ana ta zagayawa da shayi. Ƙarti ne majiya ƙarfi, kuma duk a gabansa aka haife su. Dattijon da ba ya wuce mutum sai ya tambayi gida da gajiya da iyali, yau sallama kawai ya yi ya faɗi abin da ya kawo shi.

Samarin suka shiga kallon juna.

"Wallahi Baba, tun jiya jiri nake ji," in ji Nasiru, ɗan ƙaninsa.

Aliyu, mai ɗaga ƙarfe kullum da yamma, ya sosa ƙeya. "An ce in aka ɗebi jinin namiji ƙarfinsa ya tafi ke nan. Ni kuma ga aure a gabana."

"Ka san mi suke yi da shi? Sayarwa suke!" wani ya ce daga baya.

Kai, addu'a kam ya same ta. Kowa Allah ya ba ta lafiya, amin kuwa har da ɗaga murya. Kunya ta rufe shi, kamar shi ne ya yi laifin.

Yohanna makanike, maƙwabcinsu, ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu da tsumma.

"Baba, hau babur mu je."

Jinin Yohanna ya dace. Amma leda ɗaya ake ɗiba a jikin mutum ɗaya, Ramla kuwa abin da take buƙata ya wuce haka. Ta buɗe ido ta tambayi jaririyarta, aka ɗora mata ita a ƙirji. Malam Ɗanliti yana riƙe da wuyan hannunta har jijiyar ta daina amsa yatsansa.

*

Bayan La'asar lungu ya cika maƙil. Da aka ɗaga makara, samari suka yi ta rige-rigen sa kafaɗa, wannan ya karɓi wancan, kowa na neman lada. Yohanna yana tsaye jikin katanga, har yanzu da auduga manne a gwiwar hannunsa.

Malam Ɗanliti ya matso don ya ɗauki autarsa ko taku kaɗan ne. Nasiru ya tare shi cikin ladabi.

"Haba Baba, ka huta. Bar mana, mu da muke da ƙarfi."

Ya ja da baya. Sai a hanyar maƙabarta ya lura hannun rigarsa na nan a naɗe tun safe. Ya bar shi haka.