Ta Tudu ko Ta Kwari

Daren jiya, ina ɗora kaina a kan matashi, sai na yi mafarki wai ga ni a tsakiyar wani kurmi da hantsi, bindigata ta zama karan rake a kafaɗata. Ruwa yana ɓulɓulowa daga ƙasa yana hawa sama, saboda haka kowa a kan lemarsa yake tsaye. Ban yi mamaki ba, na dai naɗe ƙafar wandona.

A gindin wata ƙatuwar bishiya akwai ofis, tebur da kujera, babu bango. Wata akuya mai tabarau ce a zaune, duk takardar da ta karanta sai ta cinye.

"Kai ne Jatau maharbi?" in ji ta.

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"Shekara talatin kana harbin makwarwa. Kai muke jira."

Ta yi mini bayani. Makwarwa iri biyu ce a kurmin, ta tudu da ta kwari. Girmansu ɗaya, tafiyarsu ɗaya, amma ta tudu tana da jan tukku da ɗigon fari a ƙirji, ta kwari kuma baƙin maƙogwaro gare ta. Kowace da ƙofar unguwarta, kuma da la'asar ake rufewa.

Sai ga wata 'yar makwarwa a kan tebur, a jiƙe sharkaf, tana rawar sanyi. Ruwan nan ya wanke mata launi tas, ta koma kalar toka. Masu gadin ƙofofin biyu sun kore ta, ga ƙwanta bakwai can cikin sheƙa suna hucewa.

"To ai sai ta faɗi ko wace iri ce," na ce.

"Ta faɗa," in ji akuya. "Ba ma karɓar shaidar mai abu a kan kansa. Duba ta ka gaya mana."

Na duba ta gaba da baya. Kunya ta rufe ni.

"Ranki ya daɗe, gaskiya ni sai an fige nake gane su. Ta tudu tauri gare ta, ta kwari ta fi maiƙo."

"A kawo ruwan zafi," in ji akuya.

"A'a! Don Allah a bari!"

Kawai sai na gan mu a cikin kwalekwale a kan reshen bishiya, rana ta yi ƙasa. Akuya ta ce saura hanya ɗaya. Kukan matan iri ɗaya ne, amsar mazan ce ta bambanta: namijin kwari sau biyu yake amsawa, na tudu sau uku.

Na tambayi makwarwar, "Baiwar Allah, ina maigidan naki?"

"Ranar Talata wani ya kira shi da muryata daga bayan kurmi, Malam. Ya fita da gudu ko kallona bai yi ba, yana tsammanin ɓata na yi."

Ranar Talata matata Kande ta yi mana farfesun makwarwar da na harbo. Har ƙashin na tauna.

"Tunda ka ji amsarsa," in ji akuya, "sai ka maimaita mana."

Mu a sana'armu kukan mace ake koya, da fito, don namiji ya taso. Yana buɗe baki ake danna kunamar bindiga, in ka jira ya gama ya gan ka. Haka mahaifina ya koya mini, haka nake yi. Shekara talatin ban taɓa barin namiji ɗaya ya kai ƙarshen maganarsa ba.

Makwarwar ta gyara tsayuwa, ta miƙa wuya ta yi kukanta, siriri, mai ban tausayi. Wallahi sai da hawaye ya zubo mini, ya haura goshina. Na tsuke baki na amsa sau ɗaya. Na amsa na biyu. Akuya ta ɗaga alƙalami ta tsaya. Can nesa ana jan ƙyauren ƙofa. Makwarwar ta zuba mini ido ba ta ƙifta ba, ni kuwa na rasa ko roƙona take in ƙara, ko roƙona take in yi shiru.

Na ja numfashi.

Sai injin niƙan maƙwabcinmu ya tashi, kwaram-kwaram. Na farka bakina a tsuke, Kande tana tsaye a kaina da tsintsiya, tana tambayata wa nake yi wa fito da sassafe haka.