Ragon Suna a Kan Kariya

Zulai ta haifi 'ya mace ranar Laraba a gidan iyayenta a Kalgo, a kakar shekarar 1955. Labari ya iso Gwandu a bakin wani mai jaki. Mijinta Jibrin, baduku ne, yana zaure yana ɗinkin jakar fata sa'ad da aka faɗa, bai ko ɗaga kai ba. Haihuwar fari ce, kuma ɗan mutunci ba ya nuna murnar 'yar fari a gaban mutane. Ya ci gaba da aikinsa, sai dai basilla ta yi ta sukarsa a yatsa har yamma.

Suna zai kama Laraba mai zuwa, rago kuwa nauyin uba ne. In gari ya waye babu ragon uba a ƙofar gida, surukinsa Malam Abdulgani zai yanka abin da ke turkensa don a rufa asiri, amma Kalgo ba za ta manta ba. Za a goranta wa Zulai a bakin rijiya, in yarinyar ta girma ita ma a goranta mata.

Jibrin ya sayo farin rago mai baƙin wuya a Maruda. Mahaifiyarsa Inno Dije ta haɗa rabin buhun gero, da goro a cikin ɗanyen ganye, da kanwa, da kayan yaji na mai jego.

"Ka tashi Litinin," in ji ta.

"Haba Inno. In kwana biyu bakin garin surukai? A ce mi?"

"To Talata da asuba."

Wannan ma bai yi wa Jibrin ba. Da asuba duk Gwandu tana kan hanyar masallaci, za a gan shi da rago a bayan keke, abokansa su samu abin faɗa har shekara ta zagayo. Shi ya riga ya yanke: zai fita Talata da rana tsaka, lokacin da kowa ya shige inuwa. Ai ya san hanyar. Sa'ad da yake neman Zulai yakan bar Gwandu bayan sallar asuba ya isa Kalgo ba a kira azahar ba. Ya aika wa Lukuman, wan Zulai, cewa ya jira shi da magariba a gindin tsamiyar bakin gari ya karɓi kayan, don kada ƙafarsa ta taka ƙofar gidan surukai.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne, a wancan lokacin ba abin da kekensa ke ɗauke da shi sai shi da kwalbar turare.

Ya aza buhun gero a kan kariyar bayan keken, ya ɗora kwando a kan buhun, ya sa rago a ciki ɗaure da ƙafafu. Sauran kayan ya rataye su gefe guda a kan keken. Ya fita ta bayan gari ba wanda ya gan shi, ya taka feda da ƙarfinsa.

Bai yi nisa ba ya hango wani mai keke a gabansa, kaya sun fi shi tsawo, yana tafiya kamar ba ya son isa. Jibrin ya kaɗa masa ƙararrawa ya wuce shi fuu.

Daga nan hanya ta fara nuna masa halinta. An yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai a gonaki, ƙasa ta bushe ta koma rairayi. Duk sa'ad da rago ya motsa sai bayan keken ya karkata, kansa ya yi wani wajen. Jibrin ya ƙara ƙarfi don ya ratsa wani rairayi, tayar gaba ta nutse, keken ya tsaya cak ya tafi gefe. Da kafaɗarsa ya tare kwandon. Rago ya yi wani kuka mai tsawo.

Ya ja keken gindin wata ƙirya, ya sauke kwando, ya shiga shafa ƙafafun ragon ɗaya bayan ɗaya. Rago mai karyayyar ƙafa ba ya yin suna. Allah ya sa ba abin da ya same shi. Jibrin ya zauna, ƙirjinsa kamar ana zuga wuta a ciki.

Yana nan zaune ya ji ƙarar sarƙa a hankali, ƙir, ƙir, ƙir. Mutumin da ya wuce ne. Gajere ne, furfura ta cinye gemunsa, kekensa ya tsufa har fenti ya koɗe. Jibrin ya gane shi: Albarka mai kifi, mutumin Dangoma, wanda ke kawo busasshen kifi kasuwar Gwandu ya koma da albasa da tabarmi. Ko gumin kirki babu a goshinsa.

Albarka ya sauka, ya jingine kekensa, ya dubi rago, ya dubi goro, ya dubi Jibrin.

"A'a, angon ƙarni ne. Shi ya sa ƙararrawa ta yi zaƙi."

"Aike ne, Baba."

"Awo, aike. Wanda ya aike ka shina da sauri ƙwarai. Ina za a kai?"

"Kalgo. Ana jirana da magariba."

"Magaribar yau?" Albarka ya yi dariya har haƙoransa masu jan goro suka fito. "Ko kai ka isa, ragon ga ba ya isa. Wa ya ɗaure maka kayan ga? Maƙiyinka?"

Bai jira amsa ba ya fara kwancewa. Ya sauke buhun gero daga kariya, ya matse shi ya ɗaure shi a tsakiyar keken, ƙarƙashin sandar da ke tsakanin sirdi da kai. Kwando ya zauna daram a kan kariya. Ya yanko ciyawa ya shimfiɗa wa rago, ya sassauta igiyar ƙafafunsa yadda jini zai bi. Goro da kanwa ya raba su biyu, ya ɗaga kowanne a hannu ya ji nauyinsa, sannan ya rataye ɗaya dama ɗaya hagu. Daga ƙarshe ya tsuguna ya rage iskar tayoyin, Jibrin yana ji tana fita, zuciyarsa na bin ta.

"Baba, ai ƙara nauyi zai yi."

"Taya mai tauri huda rairayi takan yi. Mai ɗan laushi ita ke hawa bisansa. Hau, ka biyo ni. Kak ka wuce ni, ko da ka ga ina barci."

Suka kama hanya. Da fari tafiyar ta ƙona wa Jibrin rai, gani yake da kaɗan suka fi jaki mai sassarfa. Amma da yake ba abin da zai kalla sai bayan Albarka, sai ya fara lura. Kafaɗun tsohon ba sa motsi. Ƙafafunsa suna juyawa bai ɗaya kamar mazari a hannun tsohuwa, ba ya ƙarawa a gangara, ba ya miƙewa tsaye a hawa. Ba ya bin tsakiyar hanya inda jakuna suka niƙe ƙasa, gefe yake bi inda saiwar ciyawa ta riƙe ta. In ya hango rairayi mai zurfi yakan sauka tun da saura, ya tura, ya hau a ɗaya gefen ba tare da keken ya tsaya ba. Yana gaida manoma da sunayensu, yana tambayar wata mai ɗauke da itace jikin mijinta, duk yana tafiya. Tulin albasa da tabarmin da ke bayansa ko girgiza ba sa yi.

"Ba ni labari," in ji Albarka, bai waiwayo ba.

"Labarin mi?"

"Ko na mi. In numfashi ya hana ka magana, ka yi sauri, rage. Haka nike auna tahiyata. In ba kowa, da keken nike hira."

"Shina amsawa?"

"Ya hi wasu surukai amsawa."

Jibrin ya yi dariya, ya ga kuma dariyar ba ta tsinke masa numfashi ba. Ya ba shi labarin fatar da ta ƙi jin jima, da Bafulatanin da ya kawo gyaran takalmi ƙafa ɗaya ya ce ɗayar ba ta yi laifi ba. Can ya tambayi abin da ke cin sa.

"Baba, ba kaya ina yin hanyar ga kahin azahar."

"Ba kaya ai kai da iska ne. In ka aza kaya, ninka tahiyar biyu, ka ƙara da ta rago. Mai kaya ba ya tambayar yaushe za ya isa da gudu, shina tambayar wace tahiya ƙahwa za ta iya yi tun sahe har marece ba ta canza ba. Ita ce taka."

Ta rago kuwa ba wasa ba ce. Da suka tsaya sallar la'asar a bakin wata rijiya, Albarka ya sa aka sauke shi aka kwance shi, ya sha ruwa, ya yi 'yar tafiya yana ɗingishi har ƙafafunsa suka saki. Jibrin kuwa yana ta kallon inuwa tana tsawo.

Ana kiran magariba suka shiga Dangoma. Jibrin ya tuna Lukuman a gindin tsamiya, ya ce zai ƙarasa.

"Cikin duhu, da rago, ga kwazazzabai? Gobe ka kai musu nama, ba rago ba. Sauka."

Ya kwana a zauren Albarka. Bayan sallar asuba tsohon ya sake ɗaure masa kayan da hannunsa, ya ja kowace igiya ya ji. Shi bakin gulbi zai nufa wajen masunta, hanyarsu ta rabu.

"Tahiyar jiya za ka yi, angon ƙarni. Rana za ta hito ta tsorata ka. Kak ka kula ta."

Rana kuwa ta fito, ta tsorata shi. Tana ɗagowa a bayansa, inuwarsa da ta kwando suna gajarcewa a gabansa, ƙafafunsa suna roƙonsa ya taka. Ya fara yi wa rago magana da ƙarfi don ya ji numfashinsa. Ya faɗa masa cewa Zulai ba ta son a yi mata dariya, ko kaɗan ba ta so, takan shige ɗaki ta ƙi cin abinci. A bakin wani kwazazzabo da ruwan damina ya ci, ya sauka tun da saura, ya riƙe birki, ya gangara da keken taku ɗaya ɗaya.

A gindin tsamiya ba kowa, sai ɓawon gyaɗa zube a inda mutum ya daɗe zaune. Jibrin ya tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa. Ya duba gabas ya duba yamma, ko zai ga wanda zai aika. Duk wanda ya san shi yana can wajen suna. Can cikin gari ya hango dattawa biyu da fararen riguna suna sauri. In ya jira, za a yanka wani abu ba ragonsa ba. In ya shiga, zai tsaya a gaban surukinsa da duk dattawan unguwa, ranar sunan 'yarsa ta fari, abin da bai taɓa jin wani ya yi ba.

Ya gyara hularsa, ya hau.

Ƙofar gidan Malam Abdulgani ta cika, maza zaune a kan tabarmi, liman a tsakiya. A gindin ceɗiya an ɗaure wata jar akuya, mahauci yana tsugune kusa da ita yana wasa wuƙa. Da keken ya ɓullo hira ta mutu. Samarin da ke baya suka fara taɓa juna. Jibrin ya sauka, ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa riƙe da keken, idonsa a ƙasa. 

Malam Abdulgani ya miƙe. Dogon mutum ne mai magana a hankali. Ya zo har gaban keken, bai dubi fuskar Jibrin ba ko sau ɗaya, kwandon ya duba.

"Sannu da tahiya, ɗan aike. Mutanen Gwandu lahiya?"

Jibrin ya amsa: "Lahiya lau, Malam. Suna gaisuwa."

"Madalla. Lukuman, sauke ma bawan Allah kayan ga."

Lukuman ya zo yana kwance igiya, ya sunkuya kusa da kunnen Jibrin. "Jiya na ci gyaɗa har cikina ya kumbura. Za mu gamu."

Aka ajiye rago a ƙasa. Ya miƙe, ya girgiza jiki, ya taka zuwa gindin ceɗiya da ƙafafunsa huɗu garau, ya kai wa akuyar karo. Dattawa suka yi dariya. Wani ya ce rago ya yi rago.

"A mai da akuyar ga turke," in ji Malam Abdulgani. Sannan ya ɗan juyo, har yanzu idonsa na kan keken. "In ka koma, ka ce ma wanda ya aiko ka mun gani, Allah shi yi albarka. Ja abin hawanka inuwa ka huta."

Ba wanda ya ƙara duban Jibrin. Samarin ma suka haɗiye abin da ke bakinsu, tun da mai gida ya ce ɗan aike ne. Ya ja keken ya zaga bayan katanga, ya zauna a ƙasa, sai a lokacin ya ji yadda ƙafafunsa suka yi nauyi. Daga nan ya ji ana raba goro, ya ji liman ya ja addu'a, jama'a suna amsawa. Sai muryar sanƙira mai shela ta tashi sama: suna Ruƙayyatu, Allah ya raya. Guɗa ta ɓarke a cikin gida.

Jim kaɗan wata tsohuwa ta zago da ƙwarya a rufe da faifai. Ta ajiye a gabansa, ta dube shi sama da ƙasa, bakinta na motsi.

"Mai jego ta ce a ba ɗan aike fura. Ta ce kuma kak ya kama hanya sai rana ta yi sanyi."

Jibrin ya ce ya gode. Ya jira ta sha kwana, sannan ya ɗage faifan ya kafa kai.