Toka a Ƙofar Gwadabe

Ni Mamman, tun ina saurayi nake fataucin fata. Na ga 'yan damfara a Legas, na ga 'yan dabo a Agadas, babu wanda ya taɓa ɓata min suna sai katun ɗin yara.

Jikata Bahijja ce ke kallonsa kullum in ta dawo daga Islamiyya. Wasu matsafa ne masu dogayen huluna, kowa da sandarsa, suna ta jifan juna da wuta.

Ranar Talata maƙwabcina Gwadabe ya fito zai tafi masallaci, ya tarar an zagaye ƙofar gidansa da toka, an kakkafa gashin kaza, ga gishiri a tsakiya. A unguwarmu ta Madabo ba sai an yi wa kowa bayani ba, sammu ne. Kuma duk unguwa an san ni da shi mun daɗe muna rigima a kan kwatar ruwan da ke tsakanin gidajenmu. Kafin azahar, duk wanda na miƙa wa hannu sai ya tuna sauri yake.

Mai unguwa ya kira mu zaurensa.

"Alhaji Mamman, sammu, da furfurarka?"

"Ranka ya daɗe, ni da na zaga duniya, in zan yi asiri a bakin hanya zan shanya shi?"

"Kun ji ko! Ya san yadda ake yi!" in ji Gwadabe.

Na koma gida ina huci, na iske matata Uwani tana faɗan an kwashe mata tokar murhu. Bahijja ta ce ita ce, ko a jikinta. Wai muzuru ne ke cinye wa Baba Gwadabe 'yan tsaki, su kuma matsafan nan kullum haka suke tsare gidansu daga dodo.

Da na kai wa mai unguwa labari, ya ce sai ya gani da idonsa. Bayan la'asar dattawa suka cika min ɗaki, aka kunna talabijin. Can sai ga wani tsoho mai gemu har gwiwa yana barbaɗa toka a ƙofa, yana kafa gashin tsuntsu.

Gwadabe ya sosa ƙeya, ya miƙo min hannu.

"Ka yafe ni, Alhaji."

Na karɓa, a gaban kowa, na daɗe ban saki ba. Sannan na miƙe zan kashe tsiyar nan in huta.

"Kai, dakata mana," in ji mai unguwa, ko kallona bai yi ba. "Matsa, ka tare mana. Ga dodon nan ya iso."