Sifirin Mai Laushi a Hanyar Kukar Bawa

Shekarar da aka saki siyasa, bayan taron ƙasa, duk mai mota a Agiye ya zama abin nema. Jam'iyyu suka fito kamar fara, kowace tana so a kai mata ganguna da lasifika har ƙauyen da ko jaki sai an lallashe shi yake zuwa. Hashimu yana da tsohuwar Fijo doguwa, wadda ya saba jigila da ita tsakanin Agiye da Maraɗi bisa kwalta. Da wata jam'iyya ta ɗauke shi haya, sai ya kai motar garejin abokinsa Tala a Maraɗi, ya ce a shirya masa ita don daji. Tala ya cire mata sifirin ɗinta na asali masu laushi, wato ƙarafan ƙafa masu shanye girgiza, ya sa na wata motar kaya masu kauri, ya cusa guntayen tsohuwar taya tsakanin zobbansu. Motar ta ɗaga sama, ta daina tsoron rairayi. Amma wallahi in ta taka ɗan dutse sai haƙoranka sun haɗu. Fasinjoji na zagi, Hashimu na dariya.

Dariyar ba ta daɗe ba. Mahaifinsa, Malam Sanda, manomi a Kukar Bawa can cikin ƙasar Sae Sabuwa, ya kwanta ciwon ciki. A asibitin Maraɗi aka yi masa aiki, aka buɗe, aka ga abin ya riga ya wuce, aka ɗinke. Likita bai yi ɓoye-ɓoye ba, ya ce su kai shi gida. Tsohon ma ya gane. Ya kama hannun Hashimu ya ce, "Kada ka bari in mutu a ɗakin nan mai warin magani. Ka kai ni in ga uwarku, in kwanta a ɗakina. Iyakar abin da nike roƙo ke nan."

Hashimu ya ce to, amma tunanin hanya ya dame shi. Shi ya kawo tsohon da wannan motar, ya kuma gan shi ta madubi yana cizon bakin rigarsa a kowane rami don kada a ji kukansa. Yanzu ga ɗinki ɗanye a ciki. Da sassafe ya nufi gareji.

"Tala, cire mani waɗannan, ka mayar da na da."

Tala ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu. "Ina za ka?"

"Gida zan kai Baba."

"Kukar Bawa? Da rani, da sifirin mai laushi? Haba Hashimu, yau ka fara tuƙi? Kwalta guntuwa ce a hanyar nan. Ka manta kwarin rairayin da ke gab da gari? Motar za ta zauna da cikinta."

"In na bar ta haka, ɗinkin zai buɗe kafin mu fita Maraɗi. Ba ka ga Baba ran da na kawo shi ba. Mutumin da kunama ke harbi bai ce wash ba!"

"To ka tafi sannu."

"Ko sannu dukan mutum take."

Tala ya ce bari ya zare robobin tayar da ya cusa kawai, motar za ta ɗan sassauta ba tare da ta yi ƙasa ba, aikin kuma ba zai ɗau lokaci ba. Hashimu ya ƙi. Ya ce uban da ya goya shi zuwa gona ba zai yi tafiyarsa ta ƙarshe yana cizon riga ba. Wa zai ga laifinsa? Tala ya yi tsaki, ya ɗauko jak. Wani noti mai tsatsa ya ƙi fita, aka yi ta fama da shi da mai da guduma, rana tana hawa. Ba su bar asibiti ba sai bayan azahar.

An kwantar da kujerun baya, aka shimfiɗa katifa. Balki, ƙanwar Hashimu, ta zauna ta ɗora kan tsohon bisa cinyarta. Bisa kwalta motar tafiya take lumui, ko gilas ba ya motsi. Malam Sanda ya buɗe ido ya ce, "Kai, wannan motar taka ce kuwa? Ko ka sato ta gwamna?" Balki ta yi dariya har da hawaye. Hashimu ya ji wani sanyi a ransa, ya ce a zuci, da Tala na nan ya ji da kunnensa.

Suka sauka kwalta, suka hau jar hanya. Motar tana lanƙwasa tana shanye ramuka, tsohon har ya ɗan yi gyangyaɗi. In ya farka sai ya tambaya ina suke, Balki ta faɗa masa, shi kuma ya faɗi gonar wa ce a dama, ta wa ce a hagu, bai ko duba ba.

Da suka iso bakin kwarin, Hashimu ya tsaya, ya rage iskar tayoyi kamar yadda duk direban daji ke yi. Ya san dokar wurin sarai: ka shiga da gudu, kada ka ɗaga ƙafa daga totur ko me ya faru. Ya ja baya, ya taho. Amma a gangaren akwai wani ɗan tudu, motar ta ɗan yi tsalle, tsohon ya yi nishi. Ƙafar Hashimu ta ɗaga da kanta. Shi ke nan. Motar ta nutse, cikinta ya kwanta bisa rairayi, tayoyin baya suna ta juyawa a banza.

Ya fito ya durƙusa yana tono da hannu. Ya karyo sabara ya cusa ƙarƙashin tayoyi, ya koma ya taka, ta ƙara zama. Ya sake tono har faratansa suka yi jini. Inna lillahi, rairayin da ya ratsa sau nawa da 'yan rawa goma sha a kan mota!

"Hashimu," in ji tsohon, murya can ƙasa. "Mun iso?"

"Saura kaɗan, Baba. Ga kuka can, ga rumbuna."

Shi da yake tsaye yana hangensu. Malam Sanda ya ce a ɗaga shi ya gani. Balki ta tallabo kansa zuwa taga, amma motar ta yi ƙasa ƙwarai, ba abin da ke gabansa sai bangon rairayi. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "To, madalla," don kada su ji ba daɗi.

Hashimu ya so ya goya shi, Balki ta ce ɗinkin fa. Sai ya yar da takalmansa ya sheƙa gari da gudu. Ya samu ɗan baffansa Chindo yana kwance wa jaki amalanke, ko gaisuwa babu ya ce ya mayar. Suka taho suna dukan jakin da bai yi musu komai ba.

Tun daga saman tudu ya hango Balki zaune a ƙasa, a jikin taya, ta rufe fuska da gyale. Bai tambaye ta ba.

A kan amalanken aka shigar da Malam Sanda gari, lulluɓe da zanen asibiti, mutane suna biye suna salati. Inna ta share ɗakin tun safe, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta dama fura mai ruwa-ruwa irin wadda mara lafiya ke iya sha. Ta fito ƙofar gida, ta dubi amalanken, ta dubi hannuwan ɗanta. Ba ta yi ihu ba. Ta matso kusa da shi ta ce, "Ya wahala a hanya?"

Hashimu ya ce, "A'a, Inna. Bai wahala ba. Har barci ya yi."

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Allah shi yi maka albarka."

Nan Hashimu ya zube a gabanta, ya kifa kai cikin ƙasa, yana kuka kamar ransa zai fita.