Biyu Cikin Sha Tara

Ƙarfe huɗu gidan tsofaffi na garin Cosenza ya ce a kai mahaifiyarmu Mamma, ga shi har biyu ta gota ni da yayata Filomena ba mu tsayar da wanda zai kai ta ba. Mamma ta manta sunayenmu, ta manta yadda ake kashe murhu, amma mun san ba za ta manta fuskar wanda ya ajiye ta can ya juya ba.

Filomena ta ture tukunyar taliya gefe, ta ɗauko kartar marigayi Baba. A gidanmu ko wanke-wanke da wasan karta na foka ake raba shi.

"Hannu ɗaya, Saverio. Wanda aka cinye shi zai tuƙa."

"Haba Yaya, uwarmu ce fa."

"To kai ta mana, malam sarkin tausayi."

Ta zare ƙananan katuna yadda ake yi in mutum biyu ne, ta bar daga tara zuwa sama, katuna ashirin da huɗu. Ta ba kowa biyar.

Huɗu nawa masu alamar zuciya ne, ɗaya baƙi.

"Nawa za ka canza?"

"Ke fa?"

"Ko ɗaya."

Shekara talatin ina koyar da lissafi a sakandare, ban taɓa tsanar sa kamar ranar ba. Wanda ya ƙi canji hannunsa ya cika, sai zuciya biyar za ta fid da ni. Shida ne a kartar, huɗu na hannuna, saura biyu cikin sha taran da ban gani ba. Na sake lissafawa har sau uku ko zai ji tausayina, bai ji ba.

Mamma ta leƙo daga ɗaki da baƙar rigarta ta Lahadi, jaka a hannu.

"Coci za mu?"

"E, Mamma," in ji Filomena.

Na jefar da baƙin, na ja ɗaya. Wani baƙin ne. Gwiwar hannuna ta bugi kofin kofi, ya tuntsure. Ni da nake autan Mamma, ni zan ɓamɓare yatsunta daga rigata a bakin ƙofa?

Na baje katunana. Filomena ba ta ko dube su ba, ni take kallo. Ta daɗe. Sannan ta kifa nata a kan tebur.

"Ka ci, ɗan banza. Burga nake yi, ba ni da komai."

Filomena ba ta iya burga ba tun muna yara, kuma na sani. Na miƙa mata makullin mota.

Sai da ƙarar motar ta ɓace a gangare na buɗe katunanta: sarki uku, 'yan goma guda biyu, cikakken hannun da ya cinye nawa. Ban yi mamaki ba. Abin da ke cina har yau shi ne wayata na nan kusa da kofin, ban kira Filomena ba.